Ɗigo Ukun Kawu Latsau

Kawu Latsau ya rasu bayan an gama haƙar aya, da hantsi, a kan tabarmarsa. Ni na riƙe buta, liman ya yi wanka. Ba ni da dogon zance, amma mutanen Cadawa sun matsa in faɗi abin da na sani, tunda ni na zauna da shi a ƙarshe. Wan uwata ne.

Sunansa na yanka Maman, amma ba mai tuna wannan sai masu karɓar lanho, wato haraji. Latsau kowa ya sani, don bai iya wuce taya bai latsa ta ba. Kun dai gani da idonku. Ku haɗu a hanya, ka miƙa masa hannu, shi kuwa ya sunkuya ya danna babban yatsa a tayar kekenka. Sai ya gama da ita zai ɗago ya ce, “Ina kwana? Ta baya tana so.” Ran Juma'a kafin ya cire takalmi sai ya bi kekunan ƙofar masallaci ɗaya bayan ɗaya, har ya sha rasa raka'ar farko. Liman ya yi masa magana. Ya ce, “Malam, taka ta gaba ma ba za ta kai la'asar ba.” Ba ta kai ba.

Shekara da shekaru yana facin taya a gindin icen bedi, bakin kasuwa. Famfonsa na hannu ne, tsoho, an ɗaɗɗaure shi da roba. Ba ya ba taya iska sai ya yi tambaya uku: ina za ka, mi za ka ɗauka, yaushe za ka tashi. Rairayi yana son taya mai laushi, kwalta tana son mai tauri, kaya da tasu iskar, in kuma da tsakar rana ne a rage kaɗan. Duk wannan a yatsansa yake.

Akwai Ja'e, wani Bafillace da ke zuwa daga ruga kowace ran kasuwa. Rannan Kawu ya ce masa, “Mi za ka ɗauka?” Ja'e ya kau da kai ya ce, “Ɗan kaya ne kaɗan.” Kawu ya ba shi iskar ɗan kaya kaɗan. Ba a jima ba sai ga Ja'e yana turo keke, taya a kwance, bayansa wata dattijuwa mai jiki tana tafe tana fifita da zane. Surukarsa ce. Kunya ta hana shi ambatonta.

Kawu ya dubi taya, ya dubi dattijuwa, ya ja Ja'e gefe.

“Wannan ce ɗan kaya kaɗan?”

“Baba, yaya zan faɗa?”

“To daga yau in ita ce, ka ce mini buhu ɗaya da rabi. Ba wanda zai ji kunya.”

Tun daga nan haka suke yi. Ita kanta ta gane daga baya. In sun iso takan ce, “Latsau, yau buhu ɗaya ne, na yi zazzaɓi.”

Abin da Kawu ya tsana a duniya shi ne famfo mai agogo, wanda allurarsa ke nuna yawan iska. Wani mushen lakol, wato malamin makarantar boko, ya taɓa zuwa da irinsa daga Yamai, yana ta nuna lambobi. Kawu ya ce, “Mushe, agogon nan ya taɓa bin hanyar Gazawa da rani?” Mushe ya ce agogo ba ya ƙarya. Kawu ya ce, “Ba ya ƙarya, bai dai san komai ba.” Ya hana a ajiye famfon a inuwar bedinsa. Wai kada ya koya wa nasa lalaci.

Ni a lokacin ina yamma, wajen Gidan Rumji, ina noma. Ɓarayin daji suka kwashe mu daga gona. Sun ɗaure mini manyan yatsu biyu da igiyar roba kwana tara. Da na kuɓuta aka kai ni likita a Maradi, aka yanke su. Iyakar labarin ke nan, kada a tambaye ni.

Kawu ya zo dubiya. Ya shigo ɗaki, ya wuce ni, ya tafi wurin keken guragu da ke jingine a bango ya latsa tayarsa. Ya ce, “Kai! Wa ke ba wannan iska? Mara imani.” Sannan ya zauna, ya ɗauki hannuwana ya jujjuya. Duk wanda ya zo kafinsa kuka ya yi mini. Shi ya ce, “To. Saura takwas. Tashi mu je gida.”

Fartanya ta ƙi zama a hannuna. Gona ta ƙare ke nan. Ina da mata da 'ya'ya uku, kuma ban yi niyyar zama bakin tasha ina miƙa hannu ba. Kawu ya zaunar da ni a gindin bedi. Cire taya na koya da gwiwa da tafin hannu. Manna faci na koya, har da haƙori. Abu biyu suka gagara. Famfon hannu ba ya riƙuwa sai da babban yatsa, in kuma na daure na buga, ban san lokacin da iska ta isa ba. Sauran yatsun ba sa jin abin da wancan ke ji.

Wata ran kasuwa Kawu ya tafi alwala, na cika wa Ja'e taya. Ko nisa bai yi ba ta fashe, ji kake tau! Awakin kasuwa suka watse. Daga ranar in mutum ya zo ya tarar ni kaɗai, sai ya ce, “Lawali, bari Kawu ya dawo.” Ba su zage ni ba. Jira kawai suke yi, ni ina zaune.

Ga shi tari ya kama Kawu, ƙafafunsa sun fara kumbura. Kowa ya san in ya tafi, gindin bedin ya tashi. Na ce masa, “Kawu, ni zan nufi arewa. Ko gadi na samu.” Ya latsa tayar da ke gabansa sau biyu.

Washegari ya ce in raka shi Maradi. Ya cire ƙafar kekensa ta gaba ya rungume ta a mota kamar jariri. Muka shiga layin masu kayan keke. Ya tsaya shagon farko ya ce, “Famfo mai agogo nake so. Na tsaye, wanda ake takewa da ƙafa.”

Na ce, “Kawu, lafiya?”

Ya ce, “Da kai nake?”

Ban taɓa ganin an wahalar da 'yan kasuwa kamar ranar ba. Kowane famfo aka miƙo, sai ya sace iskar tayarsa, ya sa a buga yana latsawa, in ta kai inda yake so ya ce tsaya, ya dubi allura. Ya sake sacewa, a sake bugawa. Sau uku. In allura ba ta tsaya wuri ɗaya ba duk ukun, ya ture shi. Da ya gwada na farko ya ce, “Wannan safe da magana, yamma da wata.” Na biyu allurarsa rawa take yi. “Wannan masassara gare shi, ku kai shi likita.” Na uku ko an zare tiyo allurar ba ta komawa mazauninta. “Ba iska ma yana cewa akwai. Wannan ɗan siyasa ne.”

Wani mai shago ya fito da nasa yana yabo, wai shi ne na ƙarshe a kyau. Agogon yana can ƙasa wajen ƙafa, bai fi bakin kwalba ba. Kawu ya ce, “Lawali, tsaya sosai. Kana ganin allura?” Na ce sai na duƙa. Ya ce wa mai shago, “Sai an yi ruku'u ake karanta shi? Ɗauke.”

Mai shago ya ce, “Baba, famfo za ka saya ko aurensa za ka yi?”

“Aure ai da sauƙi, yaro. Can ba a ba ka gwaji.”

Azahar ta yi, la'asar ta kusa. Ni na gaji, shi yana tari yana zama a kan benci, amma bai saki ƙafar keken ba. A shago na bakwai ko na takwas muka sami famfon. Gindinsa ƙarfe ne, agogon yana sama kusa da mariƙi, faɗinsa ya kai tafin hannu, fuskarsa fara, allurar baƙa. Mariƙin kuma mai faɗi, da tafin hannu ake danna shi. Kawu ya ce ni in buga. Na buga sau uku, sau uku allura ta tsaya wuri ɗaya, cak. Ya sa na ƙara na huɗu, wai ko ta yi sa'a ne.

Mai shagon ya fara bayani: lambobin waje na Turawan nan ne, na ciki na waɗancan. Kawu ya ce, “Bar wahalar da kanka. Ni da shi ba wanda ya shiga lakol.”

Da muka dawo ya shiga ɗakin jikarsa ya ɗauko janfarce. Inna Hajo, matarsa, ta ce, “Yau na ga ikon Allah. Shekara arba'in bai san ina da farce ba, yau ƙarfe zai yi wa kwalliya.” Kwana uku muna abu ɗaya. Ni ina bugawa, shi yana latsawa da ido a rufe. In ya ce tsaya, sai ya ɗiga ja a kan gilashi daidai bakin allura. Ya goge, ya sake, ya goge. A ƙarshe ɗigo uku suka rage. Na farko rairayi. Na biyu kwalta. Na uku kaya. Ya ce, “In rana ta take, ka tsaya kafin ɗigo da faɗin ƙwayar gero. Kuma ka yi tambaya. Agogo ba ya tambaya, jaki ne.”

Ran kasuwa ta zagayo, sai ga Ja'e da surukarsa. Ya gaida Kawu, ya jingine keke a gabansa. Kawu ya nuna ni da haɓa. Ja'e ya dube ni, ya sake duban Kawu.

Na ce, “Ina za ka, mi za ka ɗauka?”

Ya ce, “Ruga. Buhu ɗaya da rabi.”

Na take famfo, na danna har allura ta kusa ɗigo na uku, na tsaya, don rana ta yi. Mutane sun taru, har da masu aya. Ja'e ya tura keken gaban Kawu ya ce, “Baba, ɗan taɓa mana.”

Taya tana nan dab da gwiwarsa. Na ga babban yatsansa yana motsi shi kaɗai. Sai ya cusa hannun a ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

“Ba na taɓawa.”

“Haba Baba, sau ɗaya.”

“Yatsana yana cikin agogon can. In ba ka yarda da shi ba, ba ka yarda da ni ba. Hau ka tafi.”

Dattijuwar ce ta fara hawa. Ta ce, “Ja'e, mu je. In ta fashe ai ni zan faɗi, ba kai ba.” Muka bi su da kallo har suka shige gonaki. Kawu bai zare hannunsa ba sai da suka ɓace. Ya yi gumi kamar wanda ya yi noma. Ya ce, “Kai, wannan ya fi azumi wuya.”

Daga ranar bai ƙara latsa tayar da na cika ba. Na wasu kuwa bai fasa ba har ya kwanta. Ranar jana'izarsa kekuna sun yi layi a ƙofar gida, kuma na ga mutum fiye da ɗaya ya sunkuya ya latsa tasa kafin ya shiga gaisuwa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa raka'o'in da taya ta cinye masa. Allah ya sassauta masa ƙasa, ya sa hanyarsa ta zama mai sauƙi, ba kaya.

Ni ban tafi arewa ba. Ina gindin bedi, bakin kasuwar Cadawa. Janfarcen yakan dushe da rana, duk wata nakan maimaita shi a inda ya sa. Ja'e yana zuwa, kuma ba ya jiran kowa.