Neman Hadis a Kasuwar Mubi

Mun tashi da asuba daga Michika, ni da yayana, na rungume tsohuwar kwamfutar maigidana cikin zani kamar jaririya. Bidiyon aurenmu yana cikinta. Hotunanmu sun ƙone tare da ɗakin shekarar da muka yi gudu, ita kuwa ta tsira a rumbun dawa. Kwanan nan ta soma ƙas-ƙas idan an kunna, aka ce ma'ajin cikinta ne, wanda samari ke kira hadis, yake shirin mutuwa. In ya mutu, ranar aurena ta tafi ke nan. Maigidan na fama da girbi, sai na ce ni zan je.

Duwatsu sun yi shuɗi, hazon safe ya yafa musu mayafi kamar amare. Ina cikin wannan kallo direba ya ce a sauka, gadar da aka karya har yanzu ba a gyara ba. Muka tattare zannuwa muka ratsa mayo, wato kogin, ruwa iya gwiwa. Kuɗin mota ya ninka na da, ga shingen sojoji, a sauka a taka a sake hawa. A Mararraba muka karya da ƙosai mai zafi da kunun gyaɗa, na yafe wa hanyar.

Mubi ta farfaɗo. Shaguna da sabon fenti, keke napep ko'ina tunda an hana babur. A bakin kasuwa na tambayi wani dattijo inda ake sayar da hadis. Fuskarsa ta washe, ya sa mini albarka, ya ja mu har gindin masallaci wurin masu littattafai. Kunya ta hana ni gyara masa. Na sayi ƙaramin littafi ɗaya, yayana na danne dariya har da hawaye.

Daga baya muka sami shagon wani mai gyara, mutumin Sahuda. Na ce ya ba ni wanda ya fi kowanne girma, don na ɗauka babba shi ne mai sauri.

"Adda, ka zauna tukuna," in ji shi da Hausarsa ta Mubi. "Girma daban, gudu daban."

Ya jera mini uku. Mai giga ɗari biyar shi ne mai sauƙin kuɗi. Mai tera ɗaya ya ninka shi ciki, amma kuɗinsa bai ninka ba, gudunsu kuma kusan ɗaya, sai dai duk wanda aka cika maƙil yakan yi nauyi. Na ukun ɗan firit ne, ba faifai mai juyawa a cikinsa, ya fi su gudu nesa, ya kuma fi su tsada. Yayana ya ce, "Ke tsere za ki yi da shi?" Na ɗauki mai ɗari biyar ina fargabar ko zai ɗauke bikin duka.

Aka jona shi da kwamfutar, aka fara kwafa. Tsohuwar tana ƙas-ƙas, koren layi na rarrafe, ya tsaya, ya motsa. Yayana ya kawo fura da kindirmo, na kasa sha. Wajen la'asar layin ya kai ƙarshe.

"Ya shiga duka," in ji mai gyara. "Auren naka giga huɗu ne."

Huɗu kacal. Kamu, yinin biki, kukan da na sha a mota, duk a ɗan lungu. Na so in ji haushi, sai dariya ta zo, na shanye furar tas.

Muka iso gida gab da magariba. Tafiyar ta koya mini cewa babba ba shi ne mai sauri ba, abin da ya cika zuciya kuma ba lalle ya cika ma'aji ba. Ni da maigidan muka zauna a tabarma muka kalli kanmu muna sunkuyar da kai kamar baƙi. Maigidan ya duba filin da ya rage, ya ce, "Wannan duka me za mu zuba?"

Na ce ya tanadi rago, bidiyon suna ne zai fara shiga.