Ranar da muryata ta tara garke a Takanamat

Shekarun baya, ina sabon ɗauka a wata ƙungiya mai taimakon makiyaya a Tawa, aka sa ni in rubuta manhajar da za ta riƙa kiran salular mutane tana sanar da su ranar allurar dabbobi. Da murya take magana, don yawancinsu ba sa karatu.

Jerin lambobi biyu gare ni, na makiyaya da na gwaji. Na gwajin mutum biyu ne kacal, ni da mahaifiyata. Duk sanda na gwada sai ta kira ni ta ce, "Kai ɗan nan, ni da ko akuya ban da, allurar mi?"

Wata Laraba da hantsi na ɗauki muryata, na gyara ta kamar mai karanta labarai a rediyo, na ce, "Jibi da safe a kawo dabbobi allura a Takanamat." Ƙirƙira kawai na yi, garin ne ya fara zo mini a baki. Na danna aikawa, na zuba wa salulata ido. Shiru. Na duba kwamfuta, sai ga lambobin da ban sani ba suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ban sauya jerin ba.

Nan take na tsayar da manhajar, amma ta riga ta kira mutane da yawa. Wallahi har na yi tunanin in ce na'ura ce ta yi da kanta. Ga shi muryata ce.

Na shiga wurin maigidanmu na ce zan aika saƙon gyara. Ya dube ni ya ce, "Gyara? Mutum guda ka hawa tudu shi samu rezon waya, shi koma shi hwaɗa ma rugga goma. Ya riga ya sauka. Wa zaka kira?"

Lokacin bazara ne, dabbobi sun rame. Ya ce akwai waɗanda in an kora su tafiyar yini guda a banza, ba za su koma ba. Na kasa cin abinci, na riƙa ganin shanun mutane a kwance bakin hanya saboda ni.

Likitar dabbobinmu ce ta buɗe firji ta duba maganin da ya rage. Ta ce, "Ba ya isa, amma mu tahi. Kuma kai ka hwaɗa musu da bakinka."

Ranar Juma'a muka isa Takanamat, muka tarar da garke ya cika fili. Kafin azahar magani ya ƙare, saura mutane da dama. Na tsaya ina ba su haƙuri. Wani tsoho mai rawani ya matso ya ce, "Sake magana in jiya." Na sake. Ya ce, "Kai na. Tun jiya muke tahe, saniyata guda ta kwanta bisa hanya." Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Mun ji ka ce a zo, munka zo." Ya juya ya kora sauran dabbobinsa.

Ba a kore ni ba, ko da yake na shirya wa hakan. Har yau ina wannan aiki, kuma duk saƙon gwajina da "kada kowa ya taso" yake farawa. Abokan aiki suna yi mini dariya don sau uku nake duba jeri kafin in danna. Ban taɓa sanin ko saniyar nan ta tashi ba.