Kek ɗin Ayaba da Sunan 'Yar Fari

Duk lokacin da ayaba ta nuna ta wuce misali, bawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, ƙanshinta ya cika ɗaki, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na haya a Bosso, ana gobe zan tafi makarantar kwana.

Ni ce 'yar fari a wajen Inna, kuma idan a gidan Hausawa ka tashi ka san abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". A ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, nake kwana, ita ke yi mini kitso. Ƙannena kuwa su hau cinyar Inna su sauka yadda suka ga dama. Abin yana ci mini rai, musamman in na ga maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da muke kira Maman 'Yan Biyu, tana rungumar babbar 'yarta a gaban kowa. Na taɓa tambayar Kaka ko Inna ba ta sona ne.

"Ja'ira," in ji Kaka, "kunya ce. Ni ma haka na yi wa ubanki, ga shi bai mutu ba."

Amsar ba ta ishe ni ba. Ina so in sani kafin in bar gida.

A makon nan Baba ya dawo daga kasuwar Paiko da nonon ayaba guda, zafin Minna kuwa bai yi mata da sauƙi ba. Da hantsi Inna ta dube ta ta ce za ta lalace a banza, gara a yi wa mutan gida kek. Ba ta taɓa yi ba, sai ta leƙa ta kira Maman 'Yan Biyu, wadda ke gasa nata duk Kirsimeti ta aiko mana.

Ba mu da abin gashi na zamani. Yashi aka zuba a babbar tukunya aka ɗora kan gawayi. Ni na dame ayabar da ludayi, Inna ta buga bota da sukari har hannunta ya gaji, aka fasa ƙwai, aka tankaɗe fulawa. Aka juye kwaɓin a kwanon silba, aka zaunar da shi kan yashi, aka rufe, aka ɗora garwashi a kan murfin. Ƙannena suka kewaye tukunyar, Kaka na korar su da mafici alhali ita ma ƙanshin ne ya fito da ita.

Da ya huce, Maman 'Yan Biyu ta shafe shi da farin kwaɓin bota da garin sukari. Ta rage kaɗan, ta ɗiga masa ruwan zoɓo ya yi ja, ta ɗura a leda ta huda bakinta.

"Maman yara, kek na tafiya sai da suna fa," ta ce. "Rubuta sunan yarinya."

"Na mutan gida ne," Inna ta ce, ba ta ɗago kai ba.

"To kawo, ni zan rubuta."

"Bar shi dai. Na gode, Allah ya saka."

Maman 'Yan Biyu ta yi dariya ta ajiye ledar, ta koma wajen girkinta. Aka aike ni wanke hannu a bakin rijiya. Da na dawo sai na tsaya a ƙofar madafa, domin Inna ta sunkuya kan kek ɗin da ledar a hannunta. Ba ta yi boko ba, da ajami take rubutu, daga dama zuwa hagu, a hankali. Na karanta. Sunana ne, cikakke, har da wasulansa. Ta tsaya tana kallonsa, tana wani murmushi da ban san tana da irinsa ba.

Sai ga tarin Kaka yana matsowa. Inna ta yi wuf ta ɗauki cokali ta shafe rubutun da bayansa, ja ya gauraya da fari. Ta juyo muka haɗa ido.

"Ke, tsayuwar me kike yi? Ɗauko faranti."

Na je na ɗauko ina hawaye, daɗi ya cika mini zuciya. Da yamma kowa ya ci. Baba ya ce launin ya yi kyau, ya tambayi yadda aka yi shi, Inna ta ce zoɓo ne. Ƙasan ya ɗan ƙone, amma ko ɓurɓushi bai saura ba.

Yanzu zamani ya juya. A waya ake sayen kek, a kawo shi har gida da suna manya-manya a kai. Ni kaina ina ƙwala wa 'yata ta fari kira har maƙwabta su ji, in rungume ta a bakin makaranta, ban kuma ga laifin hakan ba. Inna ta tsufa, amma tana nan a kan bakanta. Idan na buga mata waya, sai ta ce, "Ke ce?" In ce ni ce, Inna. Tuni na daina jiran jin sunana a bakinta. Na ga hannunta ya rubuta shi, na kuma ci rabona a ciki.