Jirgin da Ya Ƙi Ɗaga Wutsiya

A shekarar 1969 suka fara haɗuwa, a makarantar mishan, kan benci ɗaya a ajin koyon sana'a. Ɗaya gajere ne kakkaura, shi ne daga baya kowa ya sani da Kafinta. Ɗayan dogo ne siriri, kansa kullum a karkace kamar mai lalubo tasha daga nesa, shi ya sa muka laƙaba masa Eriya, sunan kuma ya bi shi har furfura. Labarin Eriya ne wannan, amma sai an bi ta wajen Kafinta, domin shi ya fi kowa saninsa, shi kuma ya fi kowa jin zafinsa.

Gyaran rediyo Eriya ya ɗauka. Shagonsa na jikin na Kafinta, bango ɗaya ya raba su, ƙaurin dalma na shiga can, garin katako na shigowa nan. Hannunsa na da albarka, sai dai ba shi da haƙuri. Rediyo na yin magana, shi ke nan aiki ya ƙare a wurinsa, ko da rabin ƙusoshin bayanta na kan tebur. Kafinta kuwa in ya yi maka kujera, jikanka ma zai gaje ta.

Da girma ya zo, mutane suka daina kawo rediyo gyara, sai Eriya ya dawo daga kasuwar 'yan gwangwan wata rana da ɗan inji, da farfela, da rimot mai sanduna biyu.

"Mutumina, ɗan jirgin sama za mu yi," in ji shi. "Kai gangar jiki, ni kayan ciki."

"Da tsufanmu?"

"Da ƙuruciyarmu mun yi ne?"

Suka yi alkawari: ranar tashi, Kafinta ne zai cilla jirgin da hannunsa, Eriya ya riƙe rimot.

Kafinta bai taɓa ƙera abin da zai bar ƙasa ba, don haka ya yi jirgin yadda ya saba yin kabad. Ya zaɓi katako mai kyau. Duk inda biyu suka haɗu ya sa gam, ya ƙara tokari. Wutsiya ce ya fi ji da ita, saboda ya lura nan ne siriri, nan zai fara karyewa. Ya ninka mata katako, ya shafe ta da fenti shuɗi har ta riƙa ɗaukar ido. Duk wanda ya shigo sai ya shafa ya yaba.

Eriya ya ɗora fukafukan a kan yatsunsa biyu, yadda aka nuna masa ana gwadawa. Wutsiya ta faɗi, hanci ya kalli rufi.

"Wannan jirgi naka addu'a yake yi," ya ce. "Rage masa baya."

"In rage ya karye? A dai ƙara masa gaba."

Aka cusa noti a hanci. Bai isa ba, aka ƙara dunƙulen dalma, daga baya har da wani tsohon kwaɗo da makullinsa ya ɓace. Jirgi ya daidaita a kan yatsu, amma yanzu sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. A filin ƙwallo da ke bayan layin ya yi ta gudu a ƙasa yana kuka kamar keken ɗinki, bai ɗaga ko taƙi ɗaya ba. Da suka cire kwaɗon suka cilla shi, sai ya miƙe tsaye, ya yi jim, ya dawo ta baya. Wutsiyar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

"Ka gani?" in ji Kafinta. "Aiki ke nan."

"Na gani. Tebur ne mai fukafuki."

Haka suka yi watanni, a ƙara nan, a matsa can. Kafinta ya yarda ya goge fenti, amma bai yarda a huda masa katako ba. A ƙarshe suka sa ranar Asabar don gwaji na gaba, aka bar jirgin a shagon Eriya ya gama haɗa wayoyi.

Asabar da hantsi Kafinta ya zo da wankakkiyar riga, ya tarar da shagon a kulle. Yana tsaye sai ya ji ƙugin da ya sani, amma daga sama. Ya bi sautin zuwa fili. Mutanen layi sun cika, kowa ya ɗaga kai. Wani farin abu ne ke shawagi, an yanko shi daga farin soson nan mara nauyi da ake ƙunshe talabijin da shi a kwali, an ɗaɗɗaure da salatif, fiffike ɗaya ma ya fi ɗaya tsawo. A hancinsa farfelarsu ce ke juyawa. Eriya na tsakiya da rimot, bakinsa har kunne, mai facin taya na gefensa yana shelar cewa shi ya cilla.

Da abin ya sauka, Eriya ya hango abokinsa, dariyar ta ragu.

"Gwadawa kawai na yi, in ga ko injin ne ba shi da ƙarfi."

"Ka gwada a gaban duk unguwa."

"Mutumina, so nake in ga abu ya tashi kafin in mutu."

"To ka gani. Ina nawa?"

"Yana shago. Ban taɓa masa komai ba, injin kawai na ara."

Kafinta ya dubi soson, ya dubi mai faci. Ya juya ya tafi. Abin da ya fi ci masa rai ba tafin da aka yi ba ne. Jiya da yamma sun sha shayi tare, Eriya na tambayarsa ƙarfe nawa za su fito, alhali farin abin nan na ɓoye a ƙarƙashin tebur.

Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. Kafinta ya toshe 'yar tagar da suke miƙa wa juna kofi ta ciki. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Malam, a kan abin wasa za ka yar da abokin shekara da shekaru?"

"Ba a kan abin wasa ba ne," ya ce.

Bai je karɓar jirginsa ba. In ya wuce yakan hango shi ta wutsiyar ido, rataye a rufin shagon, cikinsa fayau. Wani lokaci yakan ji ƙarar gogar katako ta bango, ya ce a ransa ko me mai rediyo ya sani game da katako.

Shekaru suka tafi. Hannun Eriya ya fara rawa, dalma ta daina zama inda ya sa ta. 'Yarsa ta zo ta kwashe shi zuwa garin da take aure. Bai shigo sallama ba, Kafinta ma bai fita ba. Bayan motar kaya ta tashi, sai 'yar ta leƙo da abu a nannaɗe cikin tsohon labule.

"Baba, ya ce in ba ka. Wai ka sa yatsu inda ya yi alama."

Kafinta ya kware labulen. Jirginsa ne. Ya yunƙura zai ɗauka da ƙarfin da ya saba, sai hannunsa ya yi sama. An bi haƙarƙarin katakon ɗaya bayan ɗaya an huhhuda, an rarake wutsiyar ta ciki har haske na ratsa ta. Ramukan a karkace suke, aikin wanda ba sana'arsa ba ce, kuma hannunsa na rawa. Babu noti, babu kwaɗo. An matso da batir gaba, injin ya koma mazauninsa, kuma a karon farko a rayuwar Eriya kowace ƙusa tana wurinta.

"Ya ɓata mini aiki," in ji Kafinta.

Ya sa yatsu biyu a kan ɗigon fensir da ke ƙarƙashin fukafukan. Jirgin ya ɗan yi lilo, sannan ya tsaya cak, hanci ya sunkuya kaɗan.

"Rimot ɗin fa?"

"Yana cikin jakarsa, Baba. Ya ce wannan aikinsa ne."

Kafinta ya daɗe yana kallon wutsiyar. Sannan ya tambayi 'yar a wace tasha ake hawa motar garinsu.