Ranar da Anbarasi Ta Tare Ƙofa

Abu na farko da za ka gani a fuskar Dakta Anbarasi haƙoranta ne. Sun yi ja sun dafe kamar tsatsa ta ci su, kuma ba ta taɓa rufe baki in za ta yi dariya ba. Ruwan rijiyar ƙauyensu ne ya yi mata haka, can wajen Dharmapuri, inda wani sinadari da ke cikin ruwan yake farawa da haƙoran yara ya ƙare da ƙasusuwan manya. Mahaifiyarta tun ba ta tsufa ba bayanta ya ranƙwafe. Matan cibiyar binciken da muke aiki sun sha yi mata kwatancen likitan haƙori a nan Coimbatore, ita kuwa sai ta ce, "In na goge su, da me zan riƙa tuna abin da ya kawo ni nan?"

Ni Elango na daɗe ina aiki a teburin da ke kusa da nata. Akka nake ce mata, wato yaya, saboda ta girme ni, ita kuma tana ce mini Tambi, wato ƙane, ko da kuwa zagina za ta yi. Masifaffiya ce, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa ganin ta yi masifa a kan abin banza ba.

Aikinta rariya ce. Falle ne siriri mai ramuka ƙanana ƙwarai, waɗanda in ka ajiye silin gashi kusa da su sai ya zama gungumen itace. Ruwa ya wuce, sinadarin ya maƙale. Ana gina shi ne a hankali, shimfiɗa bisa shimfiɗa, a cikin wani ɗaki da ba a shiga sai an sa farar riga mai rufe mutum daga kai har ƙafa. Ƙura kaɗan ko hayaƙi ya taɓa shi kafin a rufe shi, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Ya sha lalace mata. A shekarar da nake ba da labari ne fallayen suka fito yadda take so, suna shanye a buɗe cikin ɗakin, ana jiran su bushe a kai su gwaji ƙauyen da aka haife ta. An riga an gaya mata wannan ne zagaye na ƙarshe: in bai yi ba, an rufe aikin.

Sai ga ranar Ayudha Puja ta zo, ranar da muke yi wa kayan aiki godiya. Tun da safe an wanke komai. Motar cibiya ta sha furanni an sa mata lemun tsami a ƙarƙashin taya, injin buga takarda ya sha ɗigon sandal da jan gari, har tsintsiyar mai shara sai da aka shafa mata. Ɗakin Anbarasi kaɗai ake tsayawa daga waje, a rataya furanni a jikin gilashi. Haka aka saba.

Amma a bana muna da sabon shugaba, Dakta Kuppusami, kuma an kawo sabon inji an kafa a ɗakin. Ga babban baƙo daga ma'aikatar gwamnati, ga masu ɗaukar hoto. Kada ka ɗauka bai san abin da hayaƙi ke yi ba. Ya sani sarai, shi ma a irin ɗakin ya yi ƙuruciyarsa. Hoto kawai yake so. Muna tsaye sai ga su sun taho, malamin ibada a gaba da tire, kafur na ci da wuta, turaren tsinke na tashi.

Anbarasi ta fito da farar rigarta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ware hannu.

"Dakta, ɗan matsa mana," in ji shugaba, yana murmushin da bai kai ciki ba. "Yanzu za mu fito."

"Ayya," in ji ta, yadda muke kiran babba don girmamawa, "hayaƙin ma tare da ku zai fito?"

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

"Yau ranar albarka ce. Ko ke ba ki yarda da ita ba ne?"

"Ni? Tun asuba na yi wa babur ɗina godiya, na yi wa wuƙar yanka albasa, har tukunyar shinkafa ta samu rabonta. Ku ba ni furannin in rataya a ƙofa. In kuma dole sai an sa wa abin da ke aiki a ɗakin nan, to ga wuyana."

Malamin ibadan, dattijo ne mai hankali, ya sauke tiren ƙasa-ƙasa ya ce daga waje ma addu'a tana shiga. Shugaba bai ko kalle shi ba. Fuskarsa ta haɗe.

"Kin san wanda kike tsaye a gabansa?"

"Na sani, Ayya. Na kuma san waɗanda nake tsaye dominsu." Ta buɗe baki ta nuna masa haƙoranta da yatsa, a gaban baƙo, a gaban masu hoto. "Ka kalla da kyau. Yaran garinmu duk haka suke. Ka kore ni gobe in ka ga dama, amma yau wutar nan ba za ta shiga ba."

Ni dai zuciyata har rawa take don daɗi, ko da yake na san ta jawo wa kanta. Baƙon ya duba agogo ya ce a yi a waje. Aka yi a waje, aka raba guggurun shinkafa, kowa ya ci yana kallon ƙasa.

Bai kore ta ba, ya fi haka wayo. Da fallayen suka bushe aka rufe su cikin tulun ƙarfe, sai ya ce tunda tana son su haka, ta bi su ƙauye ta zauna tana lura da gwajin. Ƙarin girman da take jira ya bi iska. Ɗakin da ta haɗa da hannunta aka ba wani, ba ta sake sa farar rigar nan ba. Wannan ya yi mata ciwo, na gani da idona: ranar tafiyarta ta daɗe da goshinta a jikin gilashin tana kallon injin. Da ta juyo ta gan ni sai ta goge ido.

"Me kake kallo, Tambi? Hukuncinsa shi ne in koma in ci girkin uwata. Ɗauko mini jakar nan."

Shekaru suka wuce kafin na samu na je, kuma a ranar Ayudha Puja na sauka. Tulun ƙarfen yana nan kusa da rijiya, mata sun yi layi da tuluna. Ya sha furanni har ba a ganin famfonsa, kuma Anbarasi ce da kanta take zagaya shi da wutar kafur, hayaƙi na tashi.

"Akka, yau kuma?"

"Ai yanzu a rufe yake, sakarai. A yi masa hayaƙi har ya ƙoshi, ya yi aikinsa."

Sai ta ƙwala wa wata yarinya kira, 'yar ƙanenta Malar, wadda aka haifa bayan an kafa tulun. Ta yi famfara, sababbin haƙoran gaba sun fito. Anbarasi ta durƙusa ta haɗa kumatunta da na yarinyar.

"Yi wa kawunki dariya."

Suka washe baki tare. Nata jajaye kamar kullum, na Malar farare tas.