Fentin da Ya Ɓoye Mota a Sahara

Ni mutumin Tawa ne, kuma kafin in lalace mai fentin mota ne ni. Na zo garin Sabha, can ƙasar Larabawa, da sana'ata a hannu, na kama ɗan garaji a unguwar Mahdiya, ina cin halal ɗina, ina aika wa mahaifiyata abin da ya sawwaƙa.

Abin ya faro ne daga wani dattijo Balarabe, Alhaji Miftah, mai gonar dabino a Ghuddwa. Yana son fita sahara da iyalinsa su kafa tanti su kwana, amma farar motarsa kat-kat, mai shiga yashi, tana walƙiya tun daga nesa, yana tsoron 'yan fashi su hango su. Ya ce in yi mata launin da ba ya jan ido. Ban taɓa gamuwa da mai wuyar sha'ani irinsa ba. Na haɗa ruwan ƙasa, ya ce ta zama motar soja, za a buɗe masa wuta a shingen bincike. Na sassauta, ya ce wannan ai madara ce. Na ɗiga ja, ya ce yashin Wadi Bawanis da ke arewa na yi masa, shi kuwa kudu yake nufa. Da na ƙosa na ce ya je ya ɗebo mini yashin da ransa yake so. Wallahi sai ga shi da buhu. Na zuba a kan motar, na yi ta haɗi har fentin da yashin suka saje, sannan na kashe ƙyallin. Ya tafi yana sa mini albarka, sunana kuwa ya zaga gari.

Ba a jima ba wani direba ɗan ƙasarmu, Isufu, ya kawo mota yana son irin launin. Na ga makullin ƙofarta a fashe. Da na tambayi takardu sai ya yi dariya, ya kira ni da laƙabin da ake yi wa masu sana'a a can.

"Usta, fenti na ce ka yi mata, ba aure zan ba ka ita ba."

Na ce wa kaina ai nawa feshi ne kawai. Na fesa. Ya kawo ta biyu, ya kawo ta uku. Daga nan ya roƙi in goge lambar jikin ƙarfe in cike gurbin, na yi. A ƙarshe ni da bakina nake gaya masa inda mutanen kirki da suka amince da ni suke ajiye motocinsu. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne ba yunwa nake ji ba. Aiki ya yi mini yawa ma. Daɗin a ce babu kamar ni ne ya ja ni.

Cikin motocin akwai wata ja jawur da na mayar launin yashi. Isufu ya cika ta da leburori masu komawa Nijar, ya bar hanya don gudun bincike, ta mutu masa a tsakiyar tuddan rairayi. Sai 'yan'uwan mutanen tare da 'yan sanda suka fita nema. Sun wuce kusa da ita, sun zagayo sun sake wucewa, ba su gan ta ba. Kafin a kai gare su ƙishirwa ta kashe wasu. Cikinsu har da Malam Habu, magini, wanda muke sahu ɗaya a masallacin unguwa, yana kan hanyar zuwa ganin jikarsa ta fari. Isufu ya rayu, kuma sunana ya fara ambata.

A ofishin 'yan sanda jami'in bai ko ɗaga mini murya ba. Ya miƙo wayarsa da hoton wurin, wanda masu neman suka ɗauka daga kan tudu.

"Nuna mini motar," in ji shi.

Na duba, na sake dubawa, na kawo wayar daf da idona. Ban same ta ba. Sai da ya ɗora yatsa a kai.

Na yi shekaru a kaso. Zafi da cunkoso da ƙwarƙwata duk na jure, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne samarin da ke matsowa kusa da ni suna raɗa, wai in koya musu haɗin kafin su fita. Na ba su labarin mutanen da suka mutu, su gyaɗa kai, su ce to, ja nawa ake ɗigawa? Akwai wanda na kusa mari.

Da aka sake ni na tuba ga Allah, na sayar da bindigar feshin, yanzu faci nake yi a bakin titi. Na nemi lambar matar Malam Habu na kira don neman gafara. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita ba ta da abin cewa tukuna. Ban sake samun ƙarfin kira ba.

Ku samari masu koyon sana'a, da ku nake. Ba na so in ji wani a cikinku yana cewa shi ba ɓarawo ba ne, aikin hannunsa kawai yake yi. Ku tambayi na wane ne abin da aka kawo muku, ku tambayi inda za shi. In an amsa muku da dariya, ku ajiye kayan aiki ku ce a kai gaba. Ku ƙi tun a na farko, domin ni ban ga wanda ya iya ƙin na biyu ba.