Tafkin Mama Saratu

Har gobe ban manta da safiyar Asabar ɗin da muka je kamun kifi a gonar Mama Saratu da ke Kakau ba. Ku sababbin shiga da kuke yawo da takarda a hammata, ku saurara, don nima haka na fara.

Lokacin shekarata huɗu a matsayin jami'in kiwon kifi. Mama Saratu tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, tana zaune a Romi. Ta ce ba ta son ta zauna tana jiran abin da 'ya'ya za su aiko, tafki take so wanda zai riƙe ta har ƙarshen ranta. Ɗanta da ke Turai ya turo hoton wani kifin ƙasashen sanyi wai shi tirawut. Na yi dariya na ce, "Mama, wannan ko kwana ɗaya ba zai yi a zafin Kakau ba. Tarwada za mu zuba." Ta ce, "Ɗana, kai ne ka sani." Wannan maganar ta fasa mini kai, ba zan ɓoye muku ba.

Ƙa'idar tafkin ƙasa a bayyane take. Sai ka haƙa ramukan gwaji, ka dunƙule ƙasar da ruwa ka jefa sama. In ta faɗo ba ta wargaje ba, akwai laka, za ta riƙe ruwa. Sannan ka cika ramukan da ruwa su kwana, ka ga nawa suka sha. Na haƙa huɗu, kowace kusurwa ɗaya, duka suka yi kyau. Na sa hannu.

Shugaban leburorinmu shi ne Baba Yakubu, dattijo ɗan yankin, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana haƙar rijiya. Ran kwana na uku da fara haƙar tafkin ya kira ni tsakiyar filin, ya nuna mini wani wuri zagayayye kamar faɗin babbar tukunya uku. Ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, da guntayen kasko a ciki.

Ya ce, "Oga, nan kufai ne. Inda aka yi gida kuwa an yi rijiya. A tona nan a gani."

Na ce, "Baba, gwaji ya nuna ƙasa lafiya lau. Toka ce kawai ta bola."

"Kusurwa ka gwada, Oga."

Raina ya ɓaci, don a gaban mutane ya faɗa. Na ce masa ni makaranta na yi, ba duba nake yi ba, a daɓe wurin a wuce. Ya daɓe.

Aka cika tafki, aka zuba 'ya'yan tarwada. Wata biyar Mama Saratu tana hawo mota daga Romi kullum, da hannunta take watsa musu abinci. Saura mako biyu a kama, ta kira ni ta ce ruwa yana raguwa. Rani ne, na ce rana ce ke sha, a ƙara da injin ban ruwa. Ko zuwa ban yi ba.

Ranar kamu ta gayyato matan zumuntar cocinsu da masu ƙyafa kifi, kowacce da bahonta. Wajen ƙarfe tara mutum huɗu suka shiga da raga. Sun kai tsakiya ke nan, sai na gaba ya nutse har ƙirji. 'Yan'uwansa suka fizgo shi da ragar. Inda ya taka kuma ruwa ya fara juyawa, kamar in an cire toshiyar baho.

Wallahi na tsaya ne kamar an dasa ni. Ina kallo gaɓar tafkin tana fitowa, kifaye manya-manya suna bin juyin suna ɓacewa. Sai wata mata ta nuna bayan gona ta ce, "Ku duba kwari." Jan ruwa ne ke tsartuwa daga jikin kwazazzabon, yana gangarawa rafi da tarwadar Mama Saratu a ciki. Ashe ruwan da nake cewa rana ke sha, tsohuwar rijiya yake shiga, yana cin ƙasa a hankali har ya huda wa kansa hanya. Kafin azahar tafki ya zama taɓo. Abin da aka tsinta bai cika baho uku ba.

Mama Saratu ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a kan buhun abincin kifi, ta daɗe tana kallon ramin. Bakin rijiyar ya fito fili, har da matakalar da aka sassara a jikinta.

Ta ce, "Ɗana, ba wanda ya ga alamar wannan?"

Na dubi Baba Yakubu. Yana wanke ƙafarsa, ko ɗago kai bai yi ba. Na san in na ce ƙaddara ce, ba zai tona ni ba, kuma kowa zai ce Allah Ya kiyaye gaba. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Na ce, "Mama, Baba ya gani. Ya faɗa mini, na ƙi ji."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Shekara talatin ina asibiti. Likitan da ba ya jin maganar tsohuwar nas, gawa yake fitarwa." Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. "Baba ne zai gyara mini. Kai kuma za ka yi masa aiki."

Da na kai rahoto ofis, shugabana ya ce in ɗauki hutuna in je in gyara ɓarnata. Mako uku muna cike rijiyar da dutse da laka, ana daɓewa taki-taki. Ni da takardata nake ɗauko laka a kwanon sarki, Baba Yakubu yana nuna mini inda zan zuba. Bai taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba. Oga ma yake ce mini, kuma duk kiran sai na ji shi kamar mari.

Tafkin yana nan yana riƙe ruwa. Amma sai bayan shekara guda Mama Saratu ta sake samun halin zuba kifi, kuma abin da ta guda shi ta yi: ta jira ɗanta ya aiko.

Shi ya sa in mun je sabon fili, ba na bari a sauke ko shebur sai na nemi mafi tsufa a unguwar na tambaye shi wa ya taɓa zama a nan. Kuna yi mini dariya kuna cewa Oga ya cika surutu da tsofaffi. Ku yi ta yi. Ni na ga matakalar rijiyar nan da idona.